Gajeriyar Shinkafa a Fadamar Kawu

Aikina na farko bayan na gama bautar ƙasa shi ne rubuta abin da aka faɗa a taro. Noma na karanta a jami'a, amma lokacin ba a daɗe da yanke mana jiha daga Sakkwato ba, ma'aikata ba su isa ba, ofisoshi ma haka. Sashenmu na bunƙasa noman shinkafa ɗaki uku aka ba shi a wani tsohon gida a Birnin Kebbi, fayilolin da aka kwaso daga Sakkwato suna jibge cikin kwalaye a baranda. Da Darakta ya ga rubutuna yana karantuwa, sai ya miƙo mini wani babban littafi mai baƙin bango ya ce daga yau ni ne mai ɗaukar bayanin taro.

Duk Litinin da safe muke zama. Darakta zai faɗi abin da ya yanke, sannan ya bi mutane da ido daga damansa: mataimakinsa, sai manyan jami'ai biyu, sai sauran. Kowa zai ce, "Haka ne, ranka ya daɗe," ya ƙara ɗan abin da ba zai canza komai ba. Idan ido ya iso kaina, tambaya ɗaya ce: "Ka rubuta?" Ban yi wata biyu ba na gane cewa layin ƙarshe kullum ɗaya ne, wato taro ya amince baki ɗaya. Ina jin sau ɗaya ko biyu na rubuta shi tun kafin a zauna.

Ba na so a ɗauka Darakta azzalumi ne, ko kuwa mutanen nan matsorata ne. Akwai hanyar da ake bi. Wanda bai gamsu ba ba ya ja da babba a gaban mutane. Sai ya bari bayan la'asar ya je gidansa a unguwar Badariya, ya zauna a tabarma, a gaisa, sannan ya faɗi abin da ke ransa su biyu. Litinin ta gaba Darakta zai zo da gyaran kamar shi ya hango shi, kowa ya ce haka ne. Na ga an gyara abubuwa da yawa ta wannan hanya ba tare da an ci mutuncin kowa ba. Abin da ban lura ba shi ne hanyar tana buƙatar mutum ya iya buɗe baki idan ya isa tabarmar.

Wata rana aka sauke mana buhunan sabon irin shinkafa. Iri ne mai kyau, gajere, ba ya wuce gwiwar mutum sosai, yana bayarwa ƙwarai a noman rani inda manomi ke sa ruwa da janye shi yadda yake so. Don rani aka aiko shi, amma ya makara a hanya, sai gab da damina ya iso. Darakta ya yi shekaru a wuraren noman rani, ya ga abin da irin ke yi da idonsa. Manyanmu na sama kuma suna son sabuwar jiha ta nuna wani abu. Sai ya yanke a yi gonar gwaji da shi a wannan damina, a fadamar wani ƙauye kusa da Argungu, a gonar sarkin noman ƙauyen, don sauran manoma su gani su kwaikwaya.

Alƙalamina ya tsaya lokacin da ya faɗi sunan ƙauyen. Garin mahaifiyata ne. Sarkin noman kuwa yayanta ne, Kawuna.

Duk hutun makaranta a can nake yi ina yaro. Na san fadamar nan. Idan gulbi ya cika ya malalo tsakiyar damina, ruwa yakan kai ƙirjin babban mutum a gonar Kawu, ya zauna makonni. Shinkafar da suke yafawa tun kakanni doguwa ce, tana tashi tare da ruwa. Ya ƙaru ta ƙaru, kullum kanta a waje. Ba ta bayarwa kamar sabon irin, amma ba ta nutsewa. Gonar nan kuma ita ce ke cika rumbun gidan, gida mai mutum fiye da goma. Na san duk wannan ina zaune da littafi a gabana. Ido ya zagayo, aka ce, "Ka rubuta?" Na ce na rubuta.

Na yi abin da nake ganin ya dace da mai digiri: na rubuta wa Darakta takarda. Kwana biyu na yi a kanta, da Turanci, shafi uku. Na kai wa mai buga mana tafireta, wata Bayarabiya da aka haifa a Birnin Kebbi, iyayenta na da rumfa a kasuwa. Ta girme ni, kuma Hausarta ta fi tawa Kabanci, don makaranta ta riga ta gyara mini baki. Ita ta laƙaba mini Malam Wataƙila. Ta buga, ta zare takardar, ta karanta ta sake karantawa.

"Malam Wataƙila, to mi kaka son cewa? A shuka ko kar a shuka?"

"Ai na bayyana, Anti. Na ce mai yiwuwa a wasu wurare zurfin ruwa ya iya zama abin dubawa."

"Ka yabi irin har shahi biyu da rabi na takarda. Wagga magana taka tana can ƙasa, awa wadda anka ɓoye wa ɓarayi."

"Ba na son ya ga kamar ina koya masa aiki."

"To ba shi gani," in ji ta, ta miƙo mini.

Bayan kwana uku takardar ta dawo da jan biro a gefe: an gode, a ci gaba da shiri.

Sai na bi hanyar Badariya. Sau biyu na je. Na farko na tarar da baƙi, na gaishe shi na zauna a bakin tabarma har aka kira magariba. Na biyu shi kaɗai ne. Ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi ko na saba da ɗakin da na kama, ya sa aka kawo mini fura. Na shirya maganar tun a hanya. Amma sai na riƙa tunanin ko ruwan bana ba zai kai na da ba, ko irin ya fi yadda na karanta juriya, ko ni da ban yi shekara a aiki ba ne zan gaya wa mutumin da ya yi shekaru yana noman shinkafa. Da ya ce, "Lafiya dai, samari?" sai na ji bakina ya ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe, gaisuwa ce kawai." Ya ji daɗi ƙwarai. Washegari ya gaya wa mataimakinsa cewa ni yaro ne mai ladabi.

Abin da na kwantar da hankalina da shi shi ne halin manoman kansu. Su ma ba sa ce wa gwamnati a'a. Ina yaro na ga malaman gona sun zo da iri ko wata sabuwar dabara, a shimfiɗa musu tabarma, a yi godiya, a raka su har mota. Bayan sun tafi Kawu zai yafa kwano ɗaya a gefen tudu inda za a iya nunawa in an dawo, sauran ya watsa wa kaji, ya ci gaba da nasa. Na ce a raina haka zai yi bana. Mutumin da ya tsufa a fadama ba ya buƙatar ni in gaya masa abin da ruwa ke yi.

Ranar kai irin, a mota Darakta ya ji cewa sarkin noman kawuna ne. Ya yi dariya ya ce, "Ashe gida za mu! To kai za ka miƙa masa." Haka aka yi. A gaban dagaci da mutanen gari, ni na kama bakin buhu na ajiye a gaban Kawu. Ya kwance, ya ɗebi tafi ɗaya, ya murza, ya ciza ƙwaya. Sannan ya ɗago ya dube ni, ni kaɗai.

"Ɗana, kai ma ka gani? Iri na ƙwarai na?"

Darakta na tsaye a gefena, har ina jin ƙamshin turarensa. Na ce, "Yana bayarwa ƙwarai, Kawu, idan ya samu yadda yake so."

Ban yi ƙarya ba. Na daɗe ina maimaita wa kaina haka. Kawu ya gyaɗa kai ya ɗaure buhun.

Bayan kamar mako uku, ranar wata Asabar, mahaifiyata ta aike ni ƙauyen da saƙo. Na sauka a Argungu na ƙarasa da babur. Aka ce Kawu yana fadama. Tun daga nesa na hango farin allo mai sunan sashenmu, ba a gefen tudu ba, a tsakiyar gonar. Daga gaba har baya ta yi kore shar da tsiro, duk iri ɗaya. 

"Kawu, duka ka yafa?"

"Duka."

"Har kwarin?"

"Har kwarin. Mi anka yi?"

"Na ɗauka... na ɗauka za ka yi yadda kuka saba."

Ya jingina fartanyarsa ya dube ni. "Da wani yak kawo shi, da na yi mishi yadda munka saba. Amma kai kak kawo. Ka san gonar, ka yi iyo cikinta. Ka yi karatun abin. Na tambaye ka gaban mutane ka ce yana bayarwa. Sai nic ce to, wataƙila 'yan boko sun samo gajeren da ba shi jin tsoron ruwa."

"Ba su samo ba, Kawu."

Shi ne karo na farko da na faɗi maganar a fili, kuma ta fito da sauƙin da ya ba ni kunya. Bai yi faɗa ba. Ya tsuguna ya tsinki tsiro ɗaya ya duba saiwarsa. Ya ce tsohon irinsa yana nan a rumbu. In aka sake kaftu aka yafa cikin kwana bakwai ko takwas, mai yiwuwa ya yi ƙarfin da zai bi ruwa idan ya iso. Bayan haka kuwa an makara. Amma ba zai sa fartanya a gonar da aka kafa wa allon gwamnati, dagaci yana shaida, ba tare da izini ba.

"Ka tahi ka hwaɗa wa maigidanka," ya ce. "Ko ko shi ma gaishe shi za ka yi?"

Ban san yadda aka yi ya san wannan ba. Wataƙila bai sani ba, ni kawai ya sani.

Lahadi da la'asar ina ƙofar gidan Badariya. Maigadi ya ce Darakta ya tafi Sakkwato wurin iyalinsa, kamar yawancin manyanmu a lokacin, sai Litinin da safe zai wuto ofis kai tsaye. Na kuma san daga taro zai fita rangadi na mako guda, don ni na rubuta jadawalin. Babu sauran tabarma. Taron ne kawai ya rage.

Da safen Litinin na yi sammako. Na iso kafin kowa, na buɗe littafin na zauna. Anti ta shigo ta dube ni ta ce, "Malam Wataƙila, wa yam mutu?" Na ba ta labari a gurguje. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "To yau kam ka bar wataƙila nan wurina, in ka hito ka amshi abinka."

Aka zauna. Darakta ya ce gonar gwaji ta tsiro da kyau, an sanar da na sama, za su zo gani kafin girbi. Ido ya fara zagaye. Haka ne. Haka ne, ranka ya daɗe. Ido ya iso kaina.

"Ka rubuta?"

"Ranka ya daɗe, ina da 'yar magana, in an ba ni dama."

Kowa ya juyo ya dube ni, fanka na ta ƙara a samanmu. Mataimaki ya ce, "Malam, naka rubutu ne."

"Bar shi," in ji Darakta.

Na fara yadda na saba. Na ce irin ba shi da laifi, na ce ba wai ina ja da abin da aka yanke ba ne, na ce mai yiwuwa idan aka yi la'akari da yanayin wurin. Na ga Darakta ya duba agogonsa. Sai na tuna Kawu a tsugune da tsiro a hannu.

"Za ta nutse, ranka ya daɗe. Shinkafar za ta nutse."

Ya cire tabarau. "Ruwan nawa ne a wurin?"

Ban san me ya sa na miƙe ba, amma na miƙe na sa hannu a ƙirjina. Wani ya yi tari. Wani kuma ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, kuma na gane a lokacin, ko dai nake zato, cewa ba ni kaɗai na sani ba a ɗakin.

"Tun yaushe ka san haka?"

"Tun ina yaro."

"Takardarka sau biyu na karanta ta. Ban ga nutsewa a ciki ba. Ka zo gidana ka sha fura ka tafi. Ka bar ni na tsaya a gaban dagaci, ka bar ni na aika wa na sama. Sai yau, a gaban mutane?"

 Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Na ce, "Na yi kuskure, ranka ya daɗe. Amma abincin gidansu ne na shekara, kuma kwana shida suka rage."

Ya juya tabarau a hannu. Sannan ya ce ba za a cire allo ba, an riga an faɗa. Amma a raba gonar biyu. Rabin da ke kwari, sarkin noma ya sake yafa nasa irin. Rabin da ke sama, inda ƙasa ta ɗan tashi, a bar gwaji a wurin, a mayar da allon can. A ce ana gwada iri biyu ne gefe da gefe. Ya dube ni. "Hakan ya yi?"

Na san rabin na sama. Ruwa ba ya kai ƙirji a can, kugu yake kaiwa. Kugu ya ishi gajeriyar shinkafa mutuwa. Na buɗe baki. Amma mutumin ya riga ya sauko a gaban ma'aikatansa saboda maganar ƙaramin cikinsu, abin da ban taɓa gani ba, kuma duk idanu suna kaina, kuma ina jin duk ƙarfin da na zo da shi na kashe shi a jimla ɗaya. Na ce a raina an samu rabi, kar a rasa duka. Na ce a raina wataƙila bana ruwan ba zai hau can ba.

"Ya yi, ranka ya daɗe. Na gode."

"To rubuta."

Na rubuta cewa taro ya amince. 

A ranar na tafi ƙauyen da takardar izini. Kawu ya saurara, ya tambaye ni daga ina zuwa ina, na nuna masa. Bai ce komai a kan rabin na sama ba. Ya tara 'ya'yansa da maƙwabta aka yi gayya, cikin kwana uku suka kafce kwarin suka yafa tsohon iri a kan gawar sabon.

Sauran daminar nan ban yi ta cikin natsuwa ba. Duk wanda ya zo daga wajen Argungu sai na tambaye shi gulbi. Idan hadari ya haɗu a Birnin Kebbi mutane na murna, ni kuwa fadamar Kawu nake tunani. A ofis ba wanda ya tayar da maganar. Mataimaki ya daina amsa gaisuwata da sakin fuska na ɗan lokaci. Ban sake zuwa Badariya ba, don ban san da wace fuska zan zauna a tabarmar ba.

Ruwa ya zo a lokacinsa, bai fi na kullum ba, bai kasa ba. Na je na gani daga cikin kwalekwale. A kwari tsohuwar shinkafa ta fito da kai sama da ruwa, ko da yake ta yi tsilla-tsilla saboda makara. A rabin sama babu komai sai ruwa shimfiɗe, da farin allonmu a tsaye a tsakiya, wani tsuntsu a kansa. Na sama ba su zo ba. Ban san abin da aka gaya musu ba. Da rani ya kama, Darakta ya sanar a taro cewa ya ga ya fi kyau a kai sauran irin zuwa fadamar Zauro a yi noman rani da shi. Kowa ya ce haka ne. Can kuwa ya yi kyau sosai, har aka ɗauki hotuna.

Rumbun Kawu bai kai rabi ba a shekarar. Manyan 'ya'yansa biyu, waɗanda ba su taɓa barin gida ba, suka tafi ci-rani.

Duk shekara bayan girbi Kawu yakan ba da buhun shinkafa a kai wa ƙanwarsa. Da na je, na tarar ya auna mata a ɗan ƙaramin buhu, wanda zan iya ɗauka da hannu ɗaya. Na ce ya bari bana, za ta fahimta. Ya ce ba ni ya ba ba. Muna bayan rumbu mu biyu, yana neman igiyar ɗauri, sai ya yi tambaya ba tare da ya dube ni ba.

"Rabin nan na bisa. Ka san shi ma za ya nutse?"

"Na sani, Kawu."

"Ka hwaɗa musu?"

Na so in ce na faɗi babbar maganar, na so in ba shi labarin fankar da tabarau da yadda na miƙe tsaye. Duk suna nan a bakina a jere.

"Ban faɗa ba."

Ya gyaɗa kai. Ya zagaya igiyar sau biyu, ya ja da haƙori, ya miƙo mini buhun.

"Ka gaishe ta," ya ce. "Ka riƙe shi ta ƙasa, bakin ba shi da ƙwari."